Sumar da Ke Jiran Auta

Akwatin Auta ya kwana biyu a buɗe a tsakar ɗaki, har abokan kwanansa sun saba da tsallake shi kamar kwata. Yau ya ninke riga ya saka, gobe ya cire ta ya cusa takalmi, jibi kuma ya zazzage komai a kan katifa ya zauna yana kallo. Shekararsa bakwai a ƙasar mutane, yana aiki a wani kamfanin da ke ƙera kujeru da gadaje. Yanzu kuwa an yanki tikiti, an sa rana, saura ƙiris ya koma gida.

Su uku ne a ɗakin, can ƙololuwar wani bene da sai mutum ya huta a hanya kafin ya kai. Akwai Dogo mai walda, wanda in ya miƙe a gado sai ƙafafunsa su leƙo waje. Akwai Kuku, mai girki a wani otal, gajere mai tumbi, ga suma baƙa wuluk da yake shafa wa mai safe da yamma kamar ita ce jarinsa. Harshe ne ya haɗa su, don kun san a baƙon wuri wanda duk ya amsa maka gaisuwa da harshenka ya zama ɗan'uwa.

Tun da aka sa ranar nan Auta ba shi da hira sai ta shagon Baba. Mahaifinsa mai aski ne, a shagon kuma Auta ya tashi, tun yana share gashi a ƙasa har ya kai ga riƙe almakashi. Yakan ba su labarin bencin da ƙafarsa ɗaya ta gaza aka tokare ta da kwali, da madubin da ya tsage a kusurwa, da rediyon da sai an mare shi yake magana. Yakan ce ƙamshin sabulu da hoda na tarar mutum tun daga bakin titi. Kujerun aski biyu ne a shagon, ɗaya ta Baba, ɗaya ta Auta. Tun ranar da ya tafi Baba ya lulluɓe ta Autan da zane, ko yaro bai taɓa bari ya hau ta ba.

"Mun ji, mun haddace," in ji Dogo. "Wallahi ko da ido a rufe aka sauke ni a garinku, sai na kai kaina shagon nan ban tambayi kowa ba."

"Ni har rediyon zan mara in gaishe shi," in ji Kuku.

Auta ya yi dariya, amma dariyar iyakarta baki. To ga abin da ke ƙasa. Shekara biyu da suka wuce injin yanka katako ya kama masa hannun dama, ya tafi da babban yatsa da manuniya, ya bar masa uku. Ciwo ya warke, aka mai da shi wajen shafa fenti, rayuwa ta ci gaba. Cin abinci, saka maɓalli, har gyaran gemunsa, duk ya koya da hagu. Abin da ya kasa shi ne buɗe baki ya faɗa wa gida.

Za ku ce ta yaya, alhali duk mako suna ganin juna a waya? Ai abu ne mai sauƙi. Hannun da ke riƙe da waya ba ya fitowa a hoto. Sai ya kwantar da ita a tafin dama, ya tallafe da yatsun nan uku, ya yi ta zuba labari yana nuni da hagu. Sau biyu ana sa ranar dawowarsa yana ɗagawa. Na farko ya ce aiki ya yi yawa, na biyu ya ce takardu ba su fito ba. Gaskiyar magana kuwa almakashi yake gudu. Mai askin da ba shi da babban yatsa, in ya shiga shago ai sai dai ya ɗauki tsintsiya.

Shi kuma Baba, tun da aka ɗaga ranar farko bara, ya ɗauko wani alkawari da ya zame wa gidan jangwam. Kun san mai aski ba ya aske kansa. A da Auta ne ke yi masa, da almakashi da mataji, don Baba bai yarda injin aski ya hau kansa ba, wai inji na masu gaggawa ne da waɗanda ba su da hannu. Bayan tafiyar Auta wani maƙwabci ke yi masa, ana yi yana mita. Da ya ji an ɗaga rana, sai tsoho ya ce shi ke nan, babu mai sake taɓa kan nan sai autansa. Aka lallashe shi, ya ƙi. Aka sake ɗaga rana, ko gezau.

Wata ranar hutu da hantsi wayar Auta ta yi ƙara. Yaya ce, babbar 'yar Baba, wadda ta riƙe Auta tun rasuwar mahaifiyarsu. Ita ke riƙe wa tsoho waya, don shi in ya riƙe da kansa ba a ganin komai sai rufin ɗaki.

"Auta, kana lafiya? To tsaya in nuna maka abin da ka jawo mana."

Ta juya wayar. Ga Baba zaune a bakin shago, farar suma ta tashi a kansa kamar an kifa masa kwandon auduga. Hula kam ta daɗe da haƙura.

"Dubi fa," in ji Yaya. "Jiya wani ya kawo ɗansa aski, yaron na ɗora ido a kan Baba ya fashe da kuka. Uban ya ce, Baba ai mai magani da kansa yake farawa, suka wuce shagon gaba. Tsuntsaye ma sun fara shawagi a ƙofa, ina jin wurin sheƙa suke nema."

"Ki bar su su zo, akwai fili," in ji Baba. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika wayar. "Kai Auta. Wannan karon dai babu ɗagi ko?"

"Babu, Baba, in Allah ya yarda."

"To ka ji da kyau. In ka sauka kada ka wuce gida, shago za ka fara zuwa. Ko ruwa ba za ka sha ba sai ka sauke min wannan kayan. Almakashin da na ba ka yana nan?"

"Yana nan, Baba."

"Madalla."

Aka kashe waya. Auta ya zauna a bakin katifa. Dama an ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Can sai ya miƙa hannu ƙasan akwati ya zaro wani ƙunshin tsumma, ya warware. Almakashin Baba ne, wanda ya damƙa masa ranar tafiya, ya ce ko ba ka yi aski ba ka riƙa shafa masa mai. Auta ya zura yatsun hagu a ciki, ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe. Sannan ya ɗaga kai ya dubi abokan kwanansa, irin kallon da mahauci ke yi wa rago.

"Dogo, gashin nan naka ya yi yawa fa."

"Gashina lafiyarsa ƙalau, na gode."

"Da hagu nake so in gwada. In ban koya a kanku ba, a kan wa zan koya?"

"A kan Kuku mana, shi da Allah ya hore wa."

Kafin Dogo ya rufe baki Kuku ya wawuri farar hularsa ta girki ya danna a ka har kunne. "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa," in ji shi. "Ni na shafa."

Shi Dogo baki ne kawai gare shi, zuciyar kamar audugar katifa. Shi ya yi jinyar Auta lokacin ciwon, shi ya riƙa ba shi abinci a baki yana tsokanarsa da jariri mai gemu. Ya yi tsaki, ya kifa bokiti a gaban taga inda haske yake, ya zauna, ya yafa tawul a wuya.

"Bisimilla. Amma kunnuwan nan biyu ne, kuma duk ina so."

Mataji bai ba Auta wahala ba. Ya maƙale shi tsakanin yatsun nan uku, ya ɗago gashi tsaf kamar yadda ya saba, har zuciyarsa ta yi sanyi. Da ya kawo almakashi da hagu ya datsa, sai gashin ya lanƙwashe ya shige tsakanin bakunan, ko sili bai faɗo ba. Ya sake, haka. Ya ƙara ƙarfi, almakashi ya tauna ya riƙe. Ga shi kuma bakin sama ya tare masa ido, ba ya ma ganin inda yake yanka.

"Wayyo Allah! Yanka kake yi ko tuge?"

"Ka tsaya cak mana."

"Ina tsaye! Ni kaza ce da za ka fige ni da rai?"

Kuku na gefe yana shan shayi, dariya ta sarƙe shi har yana dukan ƙirji. Kafin a kai rabi kan Dogo ya zama kamar gonar da awaki suka yini a ciki, nan tudu, can kwari. Dole aka aro injin aski wurin maƙwabta aka yi masa ƙwal-kwabo. Dogo ya shafa kansa ya dubi madubi ya ce, "To, aƙalla an huta da sayen sabulu."

Auta bai haƙura ba. Ya riƙa kwaso tsofaffin burushin fenti daga wurin aiki yana yi musu aski. Ya aske tsintsiyar goge ƙasa. Ya wasa almakashin, ya ɗaure kusarsa, ya sassauta, ya ɗiga mai. Duk kanwar ja ce. Ko sau ɗaya bai kawo a ransa cewa laifin na iya zama na almakashi ba. Almakashin Baba fa? Wanda ya aske kawunan rabin unguwa? A wurinsa hannun ne kawai bai da amfani. Hirar shago ta ɗauke daga bakinsa, akwati kuwa ya daina ko kallon inda yake. Kuku dai da hularsa yake yini, da ita yake kwana.

Ana saura kwanaki kaɗan, Kuku ya dawo daga aiki da la'asar ya tarar da Auta a bakin taga, ya ƙura wa waya ido, ya buɗe inda ake sauya ranar tafiya. Dogo na kwance yana kallonsa. Kuku ya tsaya jim. Sannan ya ajiye jakarsa, ya kifa bokiti, ya zauna, ya cire hular a hankali kamar mai cire bandeji.

"Zo ka yi."

"Haba Kuku."

"Zo ka yi kafin in dawo hayyacina. Wataƙila kan Dogo ne matsalar, gashi kamar wayar walda. Nawa laushi gare shi, ko cokali ka sa zai yanku."

Auta ya ɗauki almakashi. Ya bi a hankali, ya yi addu'a a zuci, ya datsa. Gashin Kuku mai laushin ma ya fi lanƙwashewa. Ya yi ta fama har zufa ta jiƙa masa riga, gefe ɗaya ya zama tsibi-tsibi, daga ƙarshe tsinin almakashi ya ɗan lakuci kunnen Kuku. Auta ya ajiye almakashin a kan tebur, ya koma bakin katifa ya sunkuyar da kai.

"Zan ɗaga," in ji shi. "Wata shida kawai. In na ƙware sai in tafi."

Kuku ya juyo da rabin kai, yana danne kunne da tawul. "Dube ni da kyau, Auta. Tun kafin in san ka nake kiwon sumar nan. Ban sadaukar da ita don ka ɗaga tafiya ba."

"To in je in ce masa me? Mutum ya lulluɓe kujera shekara bakwai yana jirana. In shiga in ce Baba ga ɗanka ya dawo, akwati cike, hannu babu? Shi da ke cewa inji na marasa hannu ne?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji Dogo daga kan gado. "Kuma ka dubi tsohon nan da kyau ranar da aka kira? Sumar ce kaɗai ke ƙaruwa a jikinsa. Shekaru ba sa jiran wata shida, ɗan'uwa."

Sai Kuku ya tashi ya zare wayar daga hannun Auta, ya jingina ta da gwangwanin sukari a kan tebur, ya ja kujera ya ajiye a gabanta.

"Yau ba kai za ka riƙe ta ba. Zauna."

Ya danna kiran Yaya da kansa. Auta ya zauna, hannuwansa biyu a ƙarƙashin tebur.

Yaya ta ɗauka tana tsaye a ƙofar shago, ta kawo wa Baba abinci. Ta buɗe baki za ta gaishe da ƙanenta, sai idonta ya faɗa kan Kuku da ke tsaye a baya.

"Subhanallahi! Wa ya yi wa bawan Allah wannan aika-aika? Ɓeraye gare ku a ɗakin?"

"Ɓera ɗaya ne, Yaya, kuma ɗan gidanku ne," in ji Kuku.

"Yaya, haɗa ni da Baba," in ji Auta. Yadda muryarsa ta fito ya sa ta haɗiye dariyarta. Ta shiga ciki ta saita wayar a gaban tsoho.

Auta ya gaishe shi. Ya sake gaishe shi. Ya tambayi shago, ya tambayi ƙafar da ke damunsa, ya ce, "Baba, dama..." sai maganar ta maƙale. Baba ya zuba masa ido daga ƙarƙashin farar sumar nan, ya bar shi ya gama kame-kamensa.

"Ɗora shi a kan tebur in gani," in ji Baba.

"Me, Baba?"

"Hannun. Na dama."

Auta ya ciro hannun a hankali ya shimfiɗa shi a gaban waya. Hoton ya girgiza, aka ji Yaya ta yi salati, muryarta ta karye. Baba ya kai hannu ya tallafi wayar tare da ita, ya matso, ya daɗe yana kallo kamar yadda yake duba kan da aka kawo masa gyara.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Uku sun rage. Ni da nake kwana da tsoron ko duka ne. Uku ai sun isa riƙon mataji."

"Baba, wa ya faɗa maka?" Auta ya waiwayi abokansa. Su biyun suka ɗaga hannuwa sama, ba ruwansu.

"Sajenka ne ya faɗa min. Shekara biyu baya ka tara gemu wata da watanni, ka ce sanyi ake yi. Na ce to. Da ka tashi gyarawa, sai na ga layin ya juya. Tun kana saurayi sajenka na hagu ke fita tsaf, na dama ya ɗan karkace, ina yi maka faɗa a kai. Rana ɗaya na ga na dama ya miƙe, na hagu ya karkace. Mutum ba ya sauya hannun reza don nishaɗi. Ku kuna kallon fuska, ni aikina kallon gefen fuska."

Yaya ta share ido da gefen mayafi. "Ka sani shekara biyu, Baba, ka yi shiru? Ko ni ba ka faɗa wa ba?"

"Shi me ya hana shi faɗa? Na ce namiji ne, in ya shirya zai buɗe baki. Ni a sana'ata ba na bin mutum da almakashi, sai ya zo ya zauna da kansa. Da na ga ya fara ɗaga rana, na ce bari in tara suma, ko kunyar ganina haka ta jawo shi." Ya sosa ƙeya. "Wataƙila dai na daɗe da yawa ina jira. Wannan kam ban kyauta ba."

"Ku biyun nan sai Allah!" in ji Yaya, kuka da faɗa a haɗe. "Wannan ya ɓoye hannu, wannan ya tara kai, ni kun bar ni a tsakiya ina korar tsuntsaye. Kai kuma Auta, ni da na goya ka, ka sha ciwo irin wannan ban sani ba? Bari ka iso, kunnenka zai gaya maka."

"Ki yi haƙuri, Yaya."

"Ban yi ba. Sai na gan ka."

Baba ya yi gyaran murya. "Matso min da wancan bawan Allah mai rabin kai."

Kuku ya duƙo ya gaishe shi, ya juya masa gefen da aka yi wa ɓarna. Baba ya ce ya karkato wajen haske. Ya duba, ya girgiza kai.

"Wannan ai tauna ce, ba yanka ba. Da wane almakashi ka yi?"

"Da naka, Baba. Wanda ka ba ni."

"A hannun hagu?"

"E."

"Haba Auta, haba ɗan mai aski! Ka taɓa sa takalmin dama a ƙafar hagu ka yi gudu? Wannan almakashin na dama ne. In yana dama, yatsa na matse bakunan su haɗu. In ka mai da shi hagu, yatsan ture su yake su rabu, gashi ya shige tsakani. Ko ni na riƙe shi da hagu haka zan yi wa mutum." Ya dubi Yaya. "Jawo min aljihun teburin can na ƙasa."

Ta jawo. Baba ya ciro wani ƙunshi a tsohon ƙyalle, ya warware a gaban waya. Almakashi ne baƙi, sai bakinsa ke walƙiya.

"Maigidana da ya koya min sana'a bahago ne. Ba ka san shi ba, ya rasu kafin a haife ka. Wannan nasa ne, an ƙera shi a juye. Ya bar min, na ajiye don tunawa, ban taɓa zaton zai sake cin gashi ba. Tun ranar da sajenka ya juya nake wasa shi. Juya wayar ki nuna masa."

Yaya ta juya. Ga kujerar Auta an yaye mata zane, an goge ta tana sheƙi. Katakon da ake jera mataji da reza da hoda, wanda tun fil azal yake dama da madubi, an cire shi an kafa a hagu. Har ramukan tsofaffin ƙusoshin na nan a bango.

Auta ya kifa kai a kan tebur, kafaɗunsa na rawa. Ba wanda ya ce masa ya yi shiru. Dogo ne ya fara magana, yana shafa ƙoƙon kansa.

"Ashe a banza muka rasa kawunanmu."

"Ba a banza ba, ɗana," in ji Baba. "Duk ranar da kuka zo garinmu, askinku kyauta ne."

"Baba, me ya rage da za a aske?"

Har Yaya sai da ta yi dariya. Auta ya ɗago yana goge fuska da bayan hannu.

"Baba, in na zo kuma ban iya ba fa? Ko da wancan ɗin, hagu dai hagu ce. Sai na ɓata maka kai."

Tsoho ya kama sumarsa da hannu biyu ya ja ta gefe da gefe. "Kai a ganinka me ya sa na bar ta ta kai haka? Wannan ta isa ka ɓata sau goma kana gyarawa. Ka fara daga sama kana sauka a hankali. Kafin ka kai fata ka zama gwani. In ba ka zama ba, ai gashi ne, zai sake fitowa, ni kuma ba inda za ni."

A ranar nan kafin rana ta faɗi akwati ya rufu. Kuku ne ya hau kai ya zauna da sabon ƙwal-kwabonsa, Dogo ya ja zif. Hirar shago ta dawo sabuwa, har da ƙari, don yanzu Auta na ta lissafin yadda zai tsaya ta bayan kujera, da inda hasken ƙofa zai faɗo masa in ya koma aiki da hagu. Almakashin dama kuwa ya naɗe shi ya ce zai mai da wa mai shi.

Ranar tafiya su biyun suka raka shi filin jirgi, kawunansu na ƙyalli, iska na kaɗa su suna rantsuwa ba su taɓa sanin sanyi ta ka yake shiga ba. Dogo ya rungume shi ya ce ya mari rediyo a madadinsa. Kuku ya ce, "In ka ƙware ka aiko min da hoton kan tsoho. In ya fi nawa kyau, ban yafe ba." A cikin jirgi Auta bai sa hannu a aljihu ba. Ya ɗora shi a kan gwiwa, wanda zai kalla ya kalla.

Da ya sauka bai wuce gida ba. Mai tasi ya ajiye shi a bakin titi, ƙamshin sabulu da hoda ya tarye shi daidai inda ya ce. Bencin na nan da kwalinsa. Yaya ta fito da gudu ta riƙe hannun nan na dama da hannuwanta biyu, ta kasa jan kunnen da ta yi alkawari. Daga ciki aka ji murya.

"A bar gaisuwa sai an gama aiki."

Baba na zaune a kujerar Auta, ya riga ya ɗaura wa kansa ƙyalle a wuya, yana kallon ƙofa ta cikin madubi. Ya rame fiye da yadda waya ke nunawa. Idanunsu suka haɗu a madubin, kowa ya yi saurin kau da nasa.

Auta ya ajiye akwati, ya wanke hannu. Ya miƙa hagu, sai ga baƙin almakashin daidai inda hannu ya faɗa. Ya maƙale mataji a yatsu uku, ya ɗago tsinin farar sumar, ya yi bisimilla ya datsa. Ƙyas. Wani farin curi ya gangaro kafaɗar Baba ya sauka ƙasa. Ya sake datsawa. Layin ya ɗan karkace, amma ya yanku.

"Ya karkace," in ji Baba.

"Na gani, Baba."

"Ci gaba, akwai saura da yawa."

Yaya na tsaye a gefe da kofin ruwa a hannu, ta rasa ko ta miƙa ko ta jira, tunda an ce ko ruwa ba zai sha ba. Baba ya hango ta a madubi.

"Ba shi ya sha," in ji shi. "Askin nan zai ɗauke mu lokaci."